Karatun Hulɗar Ƙasa da Ƙasa da Kasuwancin Duniya: Ina Rabon Ɗan Horo Birni?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan wani fannin ilimi da 'ya'yanmu suka fara sha'awa, iyaye kuwa suke ɗari-ɗari da shi, wato karatun hulɗar ƙasa da ƙasa da kasuwancin duniya a matakin digiri na farko. Kowane uba ya san aikin likita, ya san na lauya da na malamin makaranta. Amma idan yaro ya zo ya ce hulɗar ƙasa da ƙasa zai karanta, abin da uban zai fara tambaya shi ne, "To, in ka gama, wa zai ɗauke ka aiki?" Wannan tambaya tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya, domin shekara huɗu da kuɗin da za su ci ba abin wasa ba ne a wannan zamani.

Amsar da zan bayar ita ce, karatun yana da amfani ƙwarai ga mutanen ƙasarmu, amma da sharaɗi. Idan yaro ya haɗa shi da harshe da lissafi da sanin wata haja da muke nomawa ko muke kiwo, ya sami abin riƙo har tsufa. Idan kuwa takardar shaida kaɗai ya ɗauko, to ya ƙara yawan masu yawo da ambulan a bakin ma'aikatu.

Abin da ake koyarwa

Hulɗar ƙasa da ƙasa ilimi ne na sanin yadda ƙasashe suke zama da juna: yadda suke ƙulla yarjejeniya da warware ta, da abin da ke kai su ga yaƙi ko sulhu, da dokokin da suka amince za su bi. Ɗalibi zai karanta tarihin jakadanci, da manufofin Nijeriya a kan ƙasashen waje, da dokokin duniya irin yarjejeniyar Biyana ta 1961 wadda ta tsara haƙƙoƙin jakadu. Zai kuma nazarci ƙungiyoyi kamar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijeriya ta shiga a ranar 7 ga Oktoba 1960 a matsayin ƙasa ta 99, da Tarayyar Afirka, da ECOWAS da aka kafa a Legas a 1975.

Shi kuwa kasuwancin duniya ya shafi yadda haja take ƙetare iyaka: kuɗin fito da kwastan ke karɓa, da canjin kuɗi, da takardun banki da ke tabbatar wa mai sayarwa za a biya shi, da inshorar kaya, da ƙa'idojin inganci da kowace ƙasa take gindayawa. Fannonin biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin abin da shugabanni suka sa wa hannu a teburin shawara shi ne ɗan kasuwa yake tararwa a bakin iyaka.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana ba da digiri a nazarin harkokin ƙasa da ƙasa, haka ma Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. A nan gida, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sassan kimiyyar siyasa da tattalin arziki da sarrafa kasuwanci, ga Larabci ga Faransanci, kuma duk ƙofofi ne da ke shiga wannan fage. Karatun shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, yana kuma bukatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare.

Abin da muka gada

Kada wani ya ɗauka wannan ilimi baƙo ne a ƙasarmu. Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, da Boɗinga, inda ƙanensa Abdullahi ya zauna, duk maƙwabtanmu ne na kusa. A wancan zamani ne Muhammadu Bello ya yi musayar wasiƙu da Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi na Barno, kowannensu yana kafa hujja a kan matsayin ƙasarsa, kuma Bello ya adana wasu daga cikinsu a littafinsa Infaƙul Maisuri. Wannan shi ne jakadanci tsantsa.

A 1824 wani Baturen Ingila mai suna Kilafaton ya iso Sakkwato, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi. Sarkin Musulmi Bello ya tattauna da shi a kan ciniki, ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila, ya nemi a turo masa wakili da likita. Da Baturen ya dawo a 1826 ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa Barno, alhali ana zaman doya da manja tsakanin ƙasashen biyu, sai Bello ya hana shi wucewa da su. Ashe tun kusan shekara 200 da suka wuce shugabanninmu sun san cewa baƙo yana iya zama abokin ciniki, kuma yana iya zama hanyar da abokin gaba zai ƙaru, sun kuma san yadda ake auna biyun.

Ta fuskar fatauci ma haka abin yake. Ayarin da ke tashi daga ƙasar Sakkwato ya bi ta Jega ya ƙetare Kwara ya nufi Gwanja sayen goro, sai ya ratsa ƙasashen sarakuna da yawa masu harsuna dabam-dabam. Madugu shi ke zama da kowane sarki a daidaita kuɗin fito. Jagaba ya san hanya da zango, malamin ayari yana riƙe da lissafi da wasiƙu, fatoma kuwa a can masauki shi ne mai haɗa baƙo da mai saye, ya tsaya masa lamuni. Duk abin da jami'a take koyarwa a yau akwai tushensa a cikin wannan tsari. Abin da ya sauya shi ne, madugun yanzu da takarda da kwamfuta yake aiki, kuma sarakunan da zai zauna da su hukumomi ne masu dokoki a rubuce.

Darasi daga ɗan ƙasarmu

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, malamin makaranta ne kamar da yawa daga cikinmu, har ya yi hedimasta a Argungu. Daga 1971 zuwa 1975 shi ne kwamishinan kuɗi na tarayya, yana wakiltar Nijeriya a tarukan Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Bayan ya zama shugaban ƙasa a 1979, shi ya karɓi baƙuncin shugabannin Afirka a Legas a watan Afrilun 1980, inda suka amince da wani shiri na bunƙasa tattalin arzikin nahiyar ta hanyar dogaro da kai da ciniki tsakanin juna.

To amma sai kasuwar man fetur ta duniya ta cika ta batse, masu saye suka ja baya, farashi ya karye. Tsakanin 1980 da 1983 kuɗin da Nijeriya take samu daga mai ya ragu da fiye da rabi. A watan Afrilun 1982 dole ta sa aka shiga tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi a kan kari. Waɗanda muke koyarwa a lokacin mun ji a jikinmu, kuma manya da ke zaune a nan ba su manta da layin sayen shinkafa da madara da sabulu ba. Abin lura shi ne, shawarar da ta jawo wannan hali a wasu ƙasashe masu nisa aka yanke ta, amma sai da ta taɓa fadar shugaban ƙasa, ta taɓa malamin firamare a ƙauye. Wanda bai fahimci wannan sarƙa ba zai yi ta ɗora laifi inda ba nan yake ba, zomo ya bar makashi ya yi fushi da marataya.

Yadda duniya take shigowa gonarmu

Bari in kawo misalai huɗu na kusa, domin a ga cewa ko mun so ko mun ƙi, muna cikin kasuwar duniya tsundum.

Na farko, wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami maganin ƙwari irin su fiya-fiya a jikinsa fiye da ƙima, aka kuma yi ta tsawaita hanin shekara da shekaru. Mai adana wake a rumbu ko a shago ya zuba magani ne don gudun ƙwari, bai san ya rufe wa ƙasa baki ɗaya wata babbar kasuwa ba. Da akwai mai ilimin ƙa'idojin inganci a kusa da shi, da ya nuna masa buhu mai ninki uku da ke kashe ƙwari ba tare da guba ba.

Na biyu, iyaka. An rufe iyakokin Nijeriya na tudu daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, lokacin da aka buɗe huɗu daga ciki har da ta Illela. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe hanyar Illela zuwa Ƙonni, motocin kaya suka yi cirko-cirko, albasa ta ruɓe, cinikin dabbobi ya tsaya, sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ga ɗan Legas wannan labari ne na rediyo. Mu kuwa 'yan'uwanmu ne a tsallaken, da su muke auratayya, da su muke cin kasuwa.

Na uku, canji. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Ita kuwa sefa a ɗaure take da kuɗin yuro a kan farashi tsayayye, shi ya sa da naira ta faɗi sai baƙin 'yan kasuwa suka ga hatsinmu ya yi musu araha, mu kuma taki da maganin feshi da injin ban-ruwa suka fi ƙarfinmu. Daɗin daɗawa, yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya riga ya tayar da farashin taki, domin daga can ne ake samo wani kaso mai yawa na sinadaran haɗa shi.

Na huɗu, fata. Jar akuyar Sakkwato tana cikin masu fata mafi daraja a duniya. Tun zamanin raƙuma ake jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, a ƙetare Sahara da ita, Turawa su saya daga hannun mutanen Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. A yau ana tara ta a kai masana'antun jima na Kano, daga nan ta wuce ƙasashe irin su Italiya da Sifen, inda ake ɗinka jaka da takalmi masu tsadar gaske. Mun yi kiwo, wani ya ci suna, wani kuma ya ci riba. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019 kuma aka fara aiki da ita a Janairun 2021, ta yi alkawarin janye kuɗin fito daga kashi 90 cikin 100 na kayayyaki sannu a hankali. Sai dai wanda ya iya cika takardar shaidar asalin kaya shi ne zai ci moriyarta.

Gaskiyar maganar aiki

Yanzu sai mu koma ga tambayar uba. Yawancin yaran da ke zaɓar wannan fanni jakada suke hange, da mota mai tuta. Burin ba laifi ba ne, kuma akwai wanda ya cim masa daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Farfesa Tijjani Muhammad Bande, mutumin Zagga, kimiyyar siyasa ya karanta a Zariya, ya koyar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har ya shugabance ta daga 2004 zuwa 2009, sannan ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2019 zuwa 2020. 'Ya'yanmu mata su ma suna da abin koyi, domin a 2017 aka naɗa Hajiya Amina Muhammad mataimakiyar babban sakataren majalisar.

Amma ofisoshin jakadancin Nijeriya a duk duniya ɗari ne da 'yan kai, ma'aikatar harkokin waje kuwa ba kullum take ɗaukar ma'aikata ba, alhali jami'o'i suna yaye ɗalibai kowace shekara. Saboda haka wanda ya shiga da niyyar jakadanci ko oho, ya shirya wa dogon zaman jira. Guraben da suka fi yawa suna wajen hukumar kwastan da ta shige da fice, da sassan cinikin waje na bankuna, da kamfanonin fiton kaya, da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta ƙasa, da ƙungiyoyin agaji, da kafofin watsa labarai masu sashen Hausa. Mafi faɗi a cikinsu duka shi ne yaro ya tsaya da ƙafarsa, ya zama shi ne madugun hajar garinsu. Kafin ya kai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya cika sharuɗɗa uku.

Sharaɗi na farko shi ne harshe. Ingilishi mai kyau wajibi ne, amma bai isa ba. Nijar da Binin, ƙasashen da suka fi kusa da mu, da Faransanci suke rubuta takardun kwastan da na banki. Ko da yake a 2025 Nijar ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, abin da ya ƙara wa ɗanmu daraja a can, Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki. Larabci kuma muna da tushensa tun daga makarantar allo, kaɗan ya rage a gyara shi ya zama na magana da rubutun wasiƙa, ga kasuwannin Saudiyya da Masar da Dubai suna jira. Mai ciniki ta bakin tafinta rabin cinikin kawai yake ji.

Na biyu shi ne lissafi. Na shekara fiye da talatin a aji, na kuma ga yadda yara suke gudu zuwa darussan adabi da zamantakewa don tsoron lissafi kurum. Wannan fanni ba mafaka ba ce ga mai gudun lissafi. Wanda ba zai iya fitar da kuɗin buhun albasa daga gona zuwa Akara ba, da kuɗin mota da na fito da asarar ruɓewa da bambancin canji, ba shi da abin da zai gaya wa ɗan kasuwa.

Na uku shi ne sanin haja. A nan nake so 'yan'uwa mazauna birane su ba ni aron kunnuwansu. Da yawa daga cikin 'ya'yanku a Kaduna ko Abuja ko Legas aka haife su, sun san sunayen shugabannin Turai, amma ba su iya bambanta fatar da aka feɗe da kyau da wadda wuƙa ta huda ba, ba su san watan da albasa take araha da wanda take tsada ba. Abokan karatunsu na jami'a duk littafi ɗaya suka karanta da su. Abin da zai fifita ɗanku a kansu shi ne yana da gari, yana da dangi masu noma da kiwo da za su amince masa su ba shi kaya. Wannan jari ne da ba a saye da kuɗi, amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Ranka ya daɗe shugaban taro, ina da shawarwari biyar da nake fatan kwamitin ilimi zai duba.

Da farko, a ware wani kaso na tallafin karatu ga masu wannan fanni, maza da mata, bisa sharaɗin kowannensu ya ɗauki Faransanci ko Larabci ya kuma riƙa kawo sakamakonsa kowane zango. A kuma taimaka musu wajen neman bashin karatu maras ruwa da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024.

Na biyu, a ɗauki nauyin darussan lissafi da Faransanci a lokacin dogon hutu ga 'yan sakandare na gida, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, duk ɗan ƙungiya da ke aiki a banki ko kwastan ko tashar jiragen ruwa, ko yake da shago a babbar kasuwa, ya karɓi ɗalibi ɗaya a lokacin hutu ya nuna masa yadda aikin yake a zahiri.

Na huɗu, mazauna birane su riƙa turo 'ya'yansu gida lokacin kaka, a haɗa su da manomi ko dillalin fata su yi ko da mako biyu suna bin sa kasuwa.

Na biyar, ɗalibanmu na ajin ƙarshe su yi binciken kammala digirinsu a kan hajar ƙasarmu, fata ko wake ko albasa ko cinikin iyakar Illela, su ba ƙungiya kwafi. Cikin 'yan shekaru za mu tara ilimin da babu wanda ya mallake shi sai mu.

Kammalawa

Ya ku ɗalibai, duk wanda ya zaɓi wannan hanya a cikinku ya sani amana ya ɗauka. Fatake sun yi arziki ne saboda ana ba su kaya bashi daga Gwanja a kan kalmar bakinsu, kuma har yau buhu ɗaya da aka yi wa algus ya isa ya ɓata sunan gari. Ku kuma iyaye, idan yaro ya zo da wannan buri kada ku kashe masa gwiwa, kada kuma ku sa hannu ido rufe. Ku tambaye shi wane harshe zai ƙara, yaya lissafinsa, kuma wace haja ya sani. In ya amsa ukun nan, ku sa masa albarka.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.